Abin da ke ƙarƙashin tayil da katako: wace shimfiɗa ce ta dace da sabon gidanka?

Ranar da muka ɗaga katakon laminet da ke ƙasan ɗakin mahaifiyata, Satumba ta raba, damina tana haramar tafiya. Shekara 1 da wata 2 ke nan da shimfiɗa shi. Mai aikin ya cire sikatin, wato abin da ke rufe gindin bango, ya zura bakin sukundireba ya ɗaga fallen farko daga jikin bango, sai wani wari ya buso mana, irin na ɗakin da aka kulle da jiƙaƙƙiyar tabarma a ciki. Farin soson da ke ƙarƙashi ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ya lafe kamar takarda. Na ɗora tafin hannuna a kan simintin na ji shi sanyi ƙalau, da na ɗago kuma hannun da danshi. Bakin kowane falle ya kumbura ya tashi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Hajiya tana zaune a bakin ƙofa tana kallonmu, ta ce, "Ai tun shigowar Agusta nake gaya muku ɗakin nan gumi yake yi, kuka ce sanyin damina ne."

Rufi bai yi yoyo ba, famfo bai fashe ba, ba wanda ya zubar da ruwa. Daga ƙasa laimar ta taso, ta ratso kankare, ta tarar da soson da ba zai iya tare ta ba, ta shige cikin katako. Katakon kuwa mai kyau ne, sai da muka kwana biyu muna ja-in-ja a kan launinsa kafin mu saya. Abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa ne ba wanda ya tsaya ya yi maganarsa ko ta minti 5. Mai shago ya ɗora mana naɗi 2 na soso a matsayin gyara, muka yi godiya muka kama hanya.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan al'amari, a ginina da na 'yan'uwa. Abin da na gano shi ne, tambaya 2 ke yanke hukunci a kan shimfiɗar ƙarƙashi. Ta farko, mene ne halin ƙasan da za ta kwanta a kai: yana da laima ko busasshe ne, a daidaice yake ko yana da tudu da kwari? Ta biyu, me za a ɗora mata: tayil, laminet (fallayen garin katako), SPC (fallayen garin dutse da roba) ko kafet? Taushi da kauri, waɗanda su ne mai saye yake fara dubawa, can baya suke zuwa. Soson da kafet ke jin daɗinsa, shi ne ke karya haƙoran da ke saƙale fallayen SPC da juna.

Leda tun kafin a zuba kankare

Iyayenmu da suke daɓe da marmara da ruwan makuba ba su san wannan ciwon kai ba. Mata su taru da madaɓai, ana waƙa ana dukan ƙasa har ta yi santsi, daɓen kuma yana shan laima yana fitar da ita, iska ta kwashe. In tabarma ta yi sanyi a fitar da ita rana. Mu yanzu muna rufe ƙasa ruf da abin da iska ba ta ratsawa, laimar da ta taso ta rasa hanyar fita, sai ta taru a tsakani. Kankare duk taurinsa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, yana zuƙo ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir.

Saboda haka shimfiɗar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda ba za ka sake ganinta ba har abada: ledar da ake sawa kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren da ke rufe ƙasan ɗakuna. Tsarin da ya dace ba ɓoyayye ba ne. A cike ɗakuna da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kamar inci 6, a yayyafa ruwa a danne kafin a ƙara wani. A sa maganin gara. A jera fasassun duwatsu, a rufe su da yashi don kada kaifinsu ya huda leda. Sannan a shimfiɗa ledar, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya aƙalla santimita 15 a manne da tef, a ɗaga bakinta ya hau bango har ya haɗu da layin DPC, wato shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don hana laima hawa. A kai ne ake zuba kankare mai kaurin inci 4 zuwa 6.

A nan zaɓin tsakanin leda da leda ne. Akwai siririya wadda ake lulluɓe kaya da ita, tana da arha, kuma ita yawancin magina ke kawowa in ka bar musu sayayya. Kafin a gama zuba kankare takalman leburori da ƙafar baro sun mai da ita rariya. Wadda aka yi don wannan aiki ita ce mai geji 1000, wato maikiron 250, rubu'in milimita ke nan, ko mai geji 1200 da ta kai maikiron 300. In ka je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ka ambaci lambar, sannan ka riƙe ledar ka tura babban yatsanka. Wadda yatsa ya ɓula ba tare da ka yi da gaske ba, tsakuwa ma za ta ɓula ta. Bambancin kuɗinsu, in ka kwatanta da na tayil ɗin falo kaɗai, bai taka kara ya karya ba.

Ranar zuba jaman fulo ka tsaya da ƙafarka. Na taɓa iske wani magini yana tsattsaga leda da bakin shebur da gangan. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Yallaɓai, in ba a huda ta ba ruwan kankaren ba zai tsotse ba, sai mu kai dare a nan." Ba mugunta yake ba, haka ya koya. Amma ruwan da ledar ke riƙewa shi siminti ke buƙata don ya yi ƙarfi, kuma in kwaɓin ya cika ruwa har yana iyo, maganinsa a rage ruwan tun daga wurin haɗi. Ledar da aka huda da babu duk ɗaya.

Wanda filinsa ke fadama ko kusa da tsohon kududdufi da aka cike, kamar yadda unguwanni da yawa na gefen biranenmu suke, shi wannan ya fi shafa. Wanda kuma yake kan baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin ta wasu sassan Barno da Gwambe da Adamawa, matsalarsa ta wuce leda. Sai injiniya ya duba harsashin, a sa raga ko rodi a cikin kankaren, don babu wata shimfiɗa da za ta hana tayil fashewa in ƙasan kanta tana motsi.

To wanda ya sayi kango an riga an zuba jaman fulo, bai san ko an sa leda ba fa? Ya fara da gwaji. A yanko leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a manne ta a kan simintin da tef ta duk gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla awa 16. Ni kwana 2 zuwa 3 nake barinta. In aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, akwai laima. Sai dai gwajin yana da yaudara a ƙasarmu. In ka yi shi a Janairu, hunturu ya busar da komai har leɓen mutum, kusan kowane ɗaki zai ci jarrabawa. A Agusta ake sanin gaskiya. In ba za ka iya jira ba, zagaya ka dubi katangun maƙwabta: in ka ga fenti yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, amsarka ke nan. Ka tambayi masu rijiya a layin inda ruwa ke kaiwa da damina.

Kada kuma a rikita ƙarfi da bushewa. Kwana 28 da ake faɗa na ƙarfin kankare ne. Bushewa daban take: a ƙiyasin masu sana'a, filastar ƙasa tana bushe kamar milimita 1 a rana, wato mai kaurin santimita 4 tana neman wajen kwana 40, kankare mai inci 4 kuwa watanni yake ci. Gaggawar tarewa kafin biki ko kafin haya ta ƙare ta lalata ɗakuna fiye da ruwan sama.

In laimar ta tabbata, hanya uku ce. A shafa maganin hana ruwa mai kama da kwalta hawa 2, ko a manna irin shimfiɗar kwaltar da ake ƙonawa da gas a saman dakin, wato rufin kankare, sannan a ɗora sabuwar filasta mai kamar santimita 5. Wannan ya fi inganci, amma yana ɗaga ƙasan ɗaki, ƙofofi sai an gyara. Ko a shimfiɗa leda a saman kankaren, wanda ke yiwuwa kawai ga laminet da SPC da ba a manne su. Ko kuma a haƙura da katako a sa tayil.

Ƙarƙashin tayil

Tunda tayil ne a gidaje 9 cikin 10 da na shiga, bari in daɗe a nan. Mutane da yawa ba sa ɗaukar cewa tayil ma yana da shimfiɗa, alhali kwaɓin da yake kwanciya a kai shi ne rayuwarsa.

Hanyar da muka saba ita ce kwaɓin siminti da yashi mai ɗan danshi, kamar kashi 1 na siminti da 4 na yashi, a baza shi da kauri, a zuba ruwan siminti a kai, a ɗora tayil a bubbuga da gudumar roba. Amfaninta a fili yake. Tana haɗiye tudu da kwarin jaman fulo a aiki ɗaya, kayanta suna ko'ina, kowane mai tayil ya iya ta. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wajen sukwaya mita 13 ke nan, in kaurin kwaɓin santimita 4 ne zai ci kamar buhu 4 na siminti. Ga ƙananan tayil na da, masu jan baya da ke shan ruwa, hanyar ba ta da laifi, musamman in an jiƙa su kafin a sa.

Matsalar ta zo ne da sabon yayi. Tayil ɗin fosilin da kowa ke so yanzu, mai santimita 60 da 60 ko 60 da 120, an gasa shi har ya zama ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Siminti zalla kuwa yana kama abu ne ta hanyar shiga kafofinsa. Inda babu kafa, riƙon na ɗan lokaci ne. Shi ya sa bayan shekara ɗaya ko biyu za ka ƙwanƙwasa da makulli ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na tsaya a falon wani abokina wata rana cikin Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, ya nuna mini layin tayil 6 da suka tashi cikin dare suka haɗa baki kamar rufin bukka. Ya ce ƙarar ta tashe su daga barci, sun zaci harbi ne. Da muka ɗaga ɗaya, bayansa fes kamar yau aka fito da shi daga kwali, ko ɗigon siminti bai kama ba. Siminti yana tsukewa in yana bushewa, tayil yana buɗewa in ya ji zafi, an kuma haɗe su baki da baki an dangana da bango. Ba inda ƙarfin zai tafi sai sama.

Hanya ta biyu ita ce a raba aikin gida biyu. A fara yin filastar ƙasa a daidaita ta, a bar ta ta bushe, sannan a manna tayil da gam ɗin tayil, wanda siminti ne da aka haɗa da sinadarin da ke sa shi kama abu mai santsi. Ana baza shi da cokalin gini mai haƙora, buhu mai kilo 20 yana rufe kamar sukwaya mita 4 zuwa 5. Ka dubi jikin buhun: C1 na aikin yau da kullum ne, C2 ya fi riƙo kuma shi fosilin ke so, in an ƙara S1 yana nufin yana da ɗan sassauci, wanda ya dace da manyan tayil da baranda da saman bene. Ta fi tsada, ta fi cin lokaci, kuma sai ka samu mai aikin da ya yarda da ita. Ga duk tayil ɗin da ya kai 60 da 60, ni ita nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Ko da gam ɗin, ka sa ido a kan hannu. Wasu sukan ɗora curi 5 a bayan tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna. Aikin yana sauri, gam yana auki, amma rabin tayil ɗin a iska yake tsaye, ranar da ƙafar gado ko tukunyar gas ta sauka a wurin sai tsaga. Ka ce a ɗaga maka ɗaya da aka sa yanzu ka ga bayansa, ya kamata gam ya rufe shi kusan duka. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, a bar wajen milimita 6 zuwa 10 a jikin bango wadda sikatin zai rufe, falon da ya wuce mita 7 ko 8 kuma a raba shi da layi ɗaya da za a cike da silikon maimakon farin siminti.

Akwai ta uku da ba ta yaɗu a wurinmu ba tukuna: wata tabarmar roba mai kaurin wajen milimita 3 mai ramuka-ramuka, irin Ditra ta kamfanin Schluter na Jamus, da ake mannawa tsakanin kankare da tayil. Aikinta ta raba motsin ƙasa da na sama, ta yadda siririyar tsagar da ke jikin kankare ba za ta haura ta bayyana a tayil ba. Tana da amfani a kan dakin mai faɗi ko barandar da rana ke duka. Tana da tsada, samunta sai an nema, kuma in cikon ƙasa ne ke zaunawa ba abin da za ta tsinana. Gida mai hawa ɗaya da aka danne cikonsa da kyau bai buƙace ta ba.

Banɗaki kuwa ba a yi masa rowa. Tayil da abin cike tsagarsa ba sa tare ruwa. A shafa maganin hana ruwa a ƙasan kafin tayil, ya hau bango aƙalla santimita 15 zuwa 20, a wurin wanka ya wuce tsayin mutum. A toshe magudana a tara ruwa kwana 1 ko 2 a gani. A bene wannan wajibi ne, in ba haka ba silin ɗin ƙasa ne zai ba ka labari.

Ƙarƙashin laminet

Laminet a Suwidin aka ƙirƙiro shi a 1977, ƙasar sanyi inda ake share ɗaki da inji, ba a kwara masa ruwa. Cikinsa garin katako ne da aka matse, kuma in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Ba a manne shi da ƙasa, fallayen ne ke saƙale da juna ta wasu siraran haƙora. Duk abin da za ka sa a ƙarƙashinsa, waɗannan haƙoran yake karewa ko yake kashewa.

Farin soso mai milimita 2 zuwa 3, irin wanda aka ba mu gyara, shi ne mafi arha kuma mafi rauni. Matse shi tsakanin yatsu biyu ka saki, za ka ga shaidar yatsanka ta zauna. Haka yake yi a bakin ƙofa da gaban gado bayan watanni. Shi kaɗai ba ya tare laima, dole sai da leda mai milimita 0.2 a ƙarƙashinsa, an ɗora bakuna an manne. A ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba zai iya wucewa.

Sai mai fuskar azurfa ko ruwan zinare, wanda aka haɗa soso da matarin laima wuri ɗaya. Ya fi farin, in an manne kowace mahaɗa da tef ɗinsa. Amma fatar tana da siranta, filasta mai kaushi tana karce ta. A hawan ƙasa ban yarda da ita kaɗai ba, ina ƙara leda.

Wanda na fi samun natsuwa da shi a gida na talaka da mai matsakaicin hali shi ne fallayen XPS, wani soso mai tauri da ke zuwa a yanke ko a ninke, milimita 3 zuwa 5. Ba ya shan ruwa, ba ya lafewa da wuri, yana haɗiye ɗan kaushin filasta. Shi ma yana son leda a ƙasa, saboda mahaɗarsa.

Akwai koren allo na zaren katako mai milimita 5 zuwa 7 da Turawa ke yabo, kuma da gaskiyarsu, yana daidaita ƙasa yana kashe ƙara. A hawan ƙasa a garuruwanmu kuwa, ka shimfiɗa wa gara tabarmar cin abinci ne, ga shi yana jan laima. Kwak, wato ɓawon wata bishiya da Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya, yana shekaru bai lafe ba kuma yana rage ƙarar taku sosai, amma yana da tsada, in ya jiƙe kuma yana fumfuna. Baƙar roba mai nauyi ta milimita 2 zuwa 3 ita ce sarauniyar kashe ƙara. In ɗakin yara yana saman ɗakin tsoho, kuɗinta bai tafi a banza ba. A hawan ƙasa, inda ba kowa a ƙarƙashinka, kana biyan abin da ba ka buƙata.

In shimfiɗar ta zo da takardarta, lambobi 2 za ka nema. CS yana nuna nauyin da take ɗauka kafin ta lotsa: masu ƙera laminet na Turai sun sa 10 kPa (ma'aunin dannawa ke nan) a matsayin mafi ƙaranci, 60 zuwa sama ga mai son aiki mai ƙarko. SD yana nuna ƙarfin tare laima, da mita ake rubuta shi, ana son ya kai 75. Abin da kuma za ka yi watsi da shi shi ne alfaharin cewa tana riƙe ɗumi. Wannan talla ce ga mutanen da dusar ƙanƙara ke sauka a ƙofarsu. Sai dai ko mutumin Jos ko Mambila, amma mai fama da zafin da ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi sanyin ƙasa yake nema.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce, "Ƙasan ba ta miƙe ba, a ninka soson biyu." Soso ba ya cike rami, rufe shi yake yi. Kowane taku sai fallen ya lotsa ya dawo, haƙoran suna cizon juna har su karye, daga nan sai tsaga da ƙara ƙiiƙii. Ka ɗauko doguwar sandar alminiyon ta magina mai mita 2, ka kwantar da ita wuri-wuri. In ka ga rata ta kai milimita 3, wato tsinken ashana yana shigewa a sake, sai an gyara ƙasan da filasta ko da garin nan da ake damawa ya kwanta da kansa. Bayan haka a bar kwalayen laminet su kwana 2 a ɗakin kafin a fara, a kuma bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin kowane bango.

SPC, kafet da ledar ɗaki

SPC garin dutse ne da roba, siriri, yawanci milimita 4 zuwa 6. Ruwa ba ya kumbura shi, abin da ya sa yake ƙwace kasuwar laminet ke nan. Amma haƙoransa sun fi na laminet siranta, don haka ba ya son taushi ko kaɗan. Shimfiɗarsa milimita 1 zuwa 1.5 ce mai tauri, wadda CS ɗinta ya kai 200 ko fiye. Da yawa suna zuwa da ita manne a bayansu. In haka ne kada a ƙara wani soso, ko mai aiki ya rantse zai fi daɗin takawa. Leda ce kawai za a iya sawa, don laimar da ba ta cin SPC ɗin tana iya taruwa a ƙarƙashinsa ta yi wari.

Kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango shi ne kaɗai ke son kauri: soso mai haɗe-haɗen launi na milimita 8 zuwa 10, mai nauyi a hannu. Ga gidan da ake zama a ƙasa, a ci abinci a ƙasa, a yi salla a ƙasa, yana da daɗi ƙwarai. Ka dai tuna ƙurar hunturu da ke sauka cikinsa, da butar yaro in ta kife, don soson yana riƙe ruwa kwanaki.

Ledar ɗaki ba ta son komai a ƙarƙashinta sai siminti mai santsi kuma busasshe. Kwalaye da buhunan siminti da ake shimfiɗa mata suna jan laima da gara, baƙar roba kuma tana sa ta rawaya. Duk ƙwayar tsakuwar da aka bari sai ta fito ta huda ta.

A ɗakin Hajiya, da muka zagaya bayan gida muka tarar ruwan indararo a gindin bangonta yake zuba, ga shi ba a sa leda ba lokacin jaman fulo. Muka gyara indararon, muka zuba siminti mai gangara a kewayen bangon, muka bar ɗakin a buɗe har Disamba. Aka shafa maganin hana ruwa hawa 2, aka yi sabuwar filasta, aka jira ta, aka sa tayil mara santsi da gam C2. Dama saboda gwiwoyinta muka sa katakon, don sanyin tayil yana damunta da hunturu, sai muka saya mata darduma mai kauri daga bakin gado zuwa inda take salla. Duk Juma'a jikokinta suna naɗe ta su kai ta rana. Damina 3 ke nan, na kan shiga in ɗaga gefen dardumar in taɓa ƙasa, hannuna yana dawowa a bushe.